Asalin aikatau a tsoffin harsunan Jamanik: tsakanin sauyin wasali da ɗafa-ƙeya

Malama Hadiza:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai wata magana da littattafan koyon Turanci suke maimaitawa wadda na daɗe ban gamsu da ita ba. Suna raba aikatau gida biyu, su ce masu karɓar *-ed* a shuɗaɗɗen lokaci, irin su *walk* da *walked*, su ne masu bin ƙa'ida, su kuwa irin su *sing, sang, sung* ba su da ƙa'ida, sai dai ɗalibi ya haddace su. To amma duk wanda ya jera *sing, ring, drink, swim* da *begin* zai ga wasula uku ne suke zagayawa a cikinsu bisa tsari ɗaya, kuma Jamusanci ma yana da *singen, sang, gesungen* da *trinken, trank, getrunken*. Abin da harsuna biyu suka yi tarayya a kansa haka ba zai zama hargitsi kawai ba. Ina roƙon waɗanda suka karanci tarihin harsuna su yi mana bayanin inda hanyoyin biyu suka samo asali, da kuma wadda ta girmi 'yar'uwarta.

Malam Isa:

Wa alaikumus salam, Malama. Hasashenki daidai ne: waɗanda ake ce wa marasa ƙa'ida su ne tsofaffin, *-ed* kuwa daga baya ta zo. Turanci da Jamusanci da harshen Holan da na Suwidin da Denmak da Norwe da Aislan duk reshe ɗaya ne da ake kira Jamanik, reshen kuma ya fito daga babban dangin Indo-Turai, wanda ya haɗa da Latin da Girkanci da Farisanci da Sanskirit na Indiya. Uwar harsunan Jamanik ba a taɓa rubuta ta ba, sai dai masana suka gano kamanninta ta hanyar kwatanta 'ya'yanta. Babbar shaidarmu ita ce Gotanci, harshen Gotawa, wanda wani bishop mai suna Wulfila ya fassara Baibul zuwa cikinsa a ƙarni na 4. Mafi shahara cikin abin da ya rage na fassarar shi ne wani kundi da aka kwafa a Italiya a farkon ƙarni na 6, da tawadar azurfa a kan fata mai launin shunayya, wanda yanzu yake ajiye a Jami'ar Uppsala ta Suwidin.

Jacob Grimm ne, a nahawunsa da ya fara fitowa a 1819, ya raɗa wa masu sauya wasali suna masu ƙarfi, domin suna nuna shuɗaɗɗen lokaci da kansu, ya kira masu neman ɗafa-ƙeya masu rauni. A Gotanci aikatau mai ƙarfi sigogi huɗu gare shi, saboda shuɗaɗɗen lokaci na tilo daban yake da na jam'i. Cizo shi ne *beitan, bait, bitum, bitans*, wato cizo, na ciza, mun ciza, cizajje. Ɗaurewa *bindan, band, bundum, bundans*. Ɗauka *niman, nam, nemum, numans*. Idan muka leƙa Girkanci za mu tarar da aikatau na bari yana da *leipo, leloipa, elipon*: a sigar farko akwai wasalin *e* a cikin saiwa, a ta biyu akwai *o*, a ta uku wasalin ya faɗi ɗungum. Wannan zagaye na *e* da *o* da rashin wasali shi ne gadon Indo-Turai. A Jamanik tsohon *o* ya koma *a*, shi ya sa aka sami *band* da *sang*. Inda kuma wasali ya faɗi ya bar *n* tsakanin baƙaƙe, sai *u* ya tsiro don a iya furtawa, aka sami *bundum* da *sung*. Cikin rukunai bakwai da ake kasa waɗannan aikatau, biyar na farko tsari ɗaya ne a asali, sautin da ke bin wasalin ne kawai ya rarraba su.

Malam Nuhu:

Allah ya ƙara ilimi, Malam Isa. Ina karanta bayaninka sai Larabci ya faɗo mini a rai, inda baƙaƙe uku suke tsayawa wasula su riƙa sauyawa: *kataba* ya rubuta, *kutiba* an rubuta, *katib* marubuci, *kitab* littafi. Kamar ta yi yawa. Na kuma taɓa jin cewa akwai wani masani Bajamushe da ya ce kakannin Jamanik sun yi cuɗanya da masu magana da harshen dangin Larabci. Shin ba zai yiwu daga can wannan tsari ya fito ba?

Dakta Rabi:

Allah gafarta Malam, masanin da kake nufi shi ne Theo Vennemann, kuma gaskiya ne ya kawo ra'ayin cewa wasu masu harshen dangin Larabci da Ibrananci, irin Finisiyawa 'yan kasuwar teku, sun yi tasiri a kan uwar Jamanik. Amma mafi yawan masana fannin ba su karɓa ba, ni ma ban karɓa ba, domin kama da wane ba ta wane. Sauyin wasalin nan yana nan a Girkanci da Sanskirit, kuma sigogin suna dacewa da na Gotanci har ta wurin da wasali yake faɗuwa, saboda haka babu buƙatar a nemo masa uba daga waje. Abin da Jamanik ta yi nata na kanta shi ne, bayan ta zubar da wasu tsoffin lokuta, ta ɗora nauyin bambanta jiya da yau a kan wasalin.

Akwai kuma bambanci a yadda tsarin yake rayuwa. Larabci har gobe yana zuba baƙuwar kalma a ma'aunansa, kamar yadda ya ƙera *talfana* daga sunan tarho. A Jamanik kuwa tun zamanin Wulfila ƙofar masu ƙarfi ta kusa rufewa, kuma kalmomin aro ta ƙofar masu rauni suke shiga: Gotanci ya ari *militon*, yin aikin soja, daga Latin, ya kuma ƙera *kapillon*, aski, daga sunan gashi a Latin, duka biyun masu rauni ne. Akwai 'yan kaɗan da suka saɓa, mafi shahara *scribere* na Latin, wanda ya yi kama da rukuni na farko, irin na *beitan*, har aka shigar da shi ciki, shi ya sa Jamusawa suke cewa *schreiben, schrieb, geschrieben*.

Bashir:

Malam Isa, a misalinka na Girkanci na ga *leloipa* yana da ƙarin gaɓar *le* a gaba, amma *bait* da *band* ba su da ita. Ina ta shiga?

Malam Isa:

Ka lura da abu mai muhimmanci, Bashir. Sigar Indo-Turai da ta haifi shuɗaɗɗen lokacin masu ƙarfi tana da alamu biyu, sauyin wasali da ninka baƙin farko. Inda wasali ya isa ya nuna bambanci, Jamanik ta yar da ninkin. Inda kuwa wasalin ba ya sauyawa, Gotanci ya riƙe shi, kuma wannan shi ne rukuni na bakwai: *haitan*, kira, yana zama *haihait*; *slepan*, barci, yana zama *saislep*. Wasu ma sun haɗa alamun biyu, kamar *letan*, bari, da yake zama *lailot*. A nan *ai* ɗin gaɓar farko gajeren *e* ake furta shi. A tsohon Turanci ɓurɓushi kawai ya rage, kamar *heht* daga *hatan* da *leort* daga *lætan*, inda gaɓoɓin biyu suka narke suka zama ɗaya, a tsohon harshen Skandinebiya kuma akwai *reri* daga *róa*, tuƙa jirgin ruwa. Mu Hausawa ninki ba baƙo ba ne a wurinmu, amma aikinsa daban: *kakkama* da *bubbuga* yawan aiki suke nunawa, ba lokacinsa ba.

Wani abu da ya kamata a ƙara shi ne, ita wannan tsohuwar siga tun farko ba shuɗaɗɗen lokaci take nufi ba, halin da mutum yake ciki take nunawa. Hujjar tana cikin aikatau na sani. Gotanci yana cewa *wait*, na sani, *witum*, mun sani. Girkanci *oida* da *idmen*. Sanskirit *veda* da *vidma*. Siffarsu ta *bait* da *bitum* ce sak, amma ma'anarsu ta yanzu ce, kuma saiwarsu ɗaya da *videre* na Latin, gani. Irin waɗannan aikatau sun tsaya a kan tsohuwar ma'anarsu lokacin da sauran suka koma shuɗaɗɗen lokaci, kuma a cikinsu ne kakannin *can* da *shall* da *may* suke. Wannan ne dalilin da ya sa Bature yake cewa *he sings* amma ba ya ƙara *-s* a *he can*, daidai yadda ba ya ƙara ta a *he sang*. Da suka buƙaci nasu shuɗaɗɗen lokacin, sai suka aro na masu rauni, aka sami *could* da *should* da *might*.

Malama Hadiza:

Na gode ƙwarai, wannan batu na *he can* kaɗai ya warware mini tambayar da ɗalibai suke yawan yi. Saura rabin tambayata: idan Girkanci da Sanskirit ba su da wannan *-ed*, daga ina Jamanik ta samo ta?

Malam Isa:

A nan ne masana suka fi jayayya, kuma zan faɗi ra'ayin da na fi gamsuwa da shi. Da farko dai ɗafa-ƙeyar ta tsufa ƙwarai. A ƙauyen Gallehus na Denmak an tono ƙahoni biyu na zinariya, ɗaya a 1639, ɗaya a 1734, waɗanda aka ƙera a wajajen shekara ta 400. An sace su a 1802 aka narkar, amma zane-zanensu sun rage, kuma a bakin na biyun akwai rubutu da haruffan mutanen arewacin Turai na da: *ek hlewagastiz holtijaz horna tawido*, wato ni, Hlewagastiz Holtijaz, na ƙera ƙahon. Wannan *tawido* aikatau ne mai rauni cikakke, ɗan'uwan *tawida* na Gotanci.

Franz Bopp, tun a 1816, ya ga cewa ɗafa-ƙeyar ba komai ba ce illa aikatau na yi, kakan *did* na Turanci, wanda ya manne a ƙeyar wata kalma. Dubi *nasjan*, ceto, a Gotanci. Tilonsa *nasida, nasides, nasida*, jam'insa kuwa *nasidedum, nasideduþ, nasidedun*. Harafin *þ* ana furta shi kamar *sa* mai ɗigo uku ta Larabci. Sai a ajiye wannan jam'i kusa da shuɗaɗɗen lokacin *tuon*, yi, a tsohon Jamusanci: *tatum, tatut, tatun*. An san *d* na Gotanci *t* ne a tsohon Jamusanci, kamar *dags* da *tag*, yini, kuma dogon *e* na Gotanci dogon *a* ne a can, kamar *nemum* da *namum*. Idan aka yi wannan lissafi, *-dedum* da *tatum* kalma ɗaya ce harafi da harafi. Dalilin faruwar hakan ma a fili yake: aikatau da aka ƙera daga suna ko sifa ba su gaji tsohon shuɗaɗɗen lokaci ba, dole a nemo musu dabara. Mu ma idan kalma ta zo mana ba ta da sigar aikatau, *yi* muke kira ta ɗauke ta, mu ce ya yi fakin, ya yi caji. Bambancin kawai, su nasu *yi* yana zuwa ne a baya, har ya zama jela.

Dakta Rabi:

Malam Isa, ban musanta kyawun wannan hujja ba, amma an cika gabatar da ita kamar magana ta ƙare, alhali akwai wuraren da ba ta kai ba. Sautin farko na aikatau na yi ya fito ne daga tsohon *dh* na Indo-Turai, kamar yadda *dadhati* na Sanskirit yake nunawa, kuma wannan sauti a Jamanik *d* yake zama. To ta yaya za a bayyana *kunþa* na Gotanci, na sani a da, ɗan'uwan *could*, wanda tsohon Turanci ma yake da shi a matsayin *cuþe*? Wannan *þ* daga tsohon *t* yake fitowa, ba daga *dh* ba. Ga kuma *waurhta* daga *waurkjan*, aiki, da *bauhta* daga *bugjan*, saye, da *brahta* da *þahta*, kakannin *wrought, bought, brought* da *thought*. Duk inda aka duba, baƙin da ke cikin shuɗaɗɗen lokaci shi ne dai wanda ke cikin sifa 'yar aikatau, irin tamu ta dafaffe da sananne: *kunþa* yana tafiya da *kunþs*, sananne, *waurhta* yana tafiya da *waurhts*. Ita kuwa wannan sifa asalinta ba a jayayya a kansa, domin ita ce *-tus* ta Latin a *amatus*, ƙaunatacce. Wannan ne ya sa Wilhelm Begemann a 1873 ya ce daga sifar aka gina shuɗaɗɗen lokacin.

Ƙari a kan haka, doguwar jelar *-dedum* a Gotanci kaɗai ake samun ta, tsohon Turanci *neredon* yake da shi, gajere. Kuma shi Gotancin da aka kafa hujja da shi, a duk abin da ya rage mana na rubutunsa babu shi aikatau na yi ɗin, wato *don*, mai zaman kansa. *Taujan* yake amfani da shi.

Malam Isa:

Dakta, batun *kunþa* ƙashi ne a maƙogwaron duk mai ra'ayina, ba zan ɓoye ba. Amma hujjarki ta ƙarshe ni a wurina goyon baya ce. Idan Gotanci ya rasa aikatau ɗin, bai iya ƙirƙiro *-dedum* daga baya ta hanyar kwaikwayonsa ba, sai dai ya gaje ta daga zamanin da aikatau ɗin yake raye. Kuma saiwar ba ta ɓace masa gaba ɗaya ba, tana nan a sunan *gadeþs*, aiki, ɗan'uwan *deed*. Sannan sifa 'yar aikatau tana iya ba mu baƙi ɗaya, amma ba za ta ba mu ɗafa-ƙeyar mutum na ɗaya da na biyu da na uku ba, balle *d* biyu da dogon wasali a tsakaninsu. Abin da ya fi kwanta mini shi ne ra'ayin da ya haɗa biyun: an fara da jimla mai sifa sannan aikatau na yi, kamar a ce ya mai da shi cetacce, sai gaɓoɓi masu kama da juna suka taru a wuri ɗaya, harshe ya haɗiye ɗaya. A irin wannan hali baƙin sifar ne zai tsaya a gaba, shi ya sa *kunþa* ya bi *kunþs*, jelar kuma ta aikatau ce.

Dakta Rabi:

Wannan na fi iya zama da shi, kuma masana da dama na zamaninmu can suka karkata. Sai dai ina so Malama Hadiza ta riƙe bambanci tsakanin abin da aka gani a rubuce da abin da aka hasaso. *Tawido* da *nasidedum* da *tatum* an gan su. Jimlar da ake cewa ta haife su kuwa babu dutse ko fata da ta adana ta, kuma dalilin da ya sa tilo ya gajarce a Gotanci jam'i ya tsaya da tsawonsa har yanzu kowane masani da nasa bayanin.

Malam Nuhu:

Na fahimci amsar Dakta game da Larabci, kuma hujjar Girkanci da Sanskirit ta gamsar da ni. Ina da ƙaramar tambaya ta nahawu: shin waɗannan tsoffin harsuna suna da musanna da majahuli a jikin fi'ili kamar Larabci, ko kuwa tun asali da kalmomin taimako suke yi kamar Turancin yau?

Malam Isa:

Gotanci yana da duka biyun, Malam. Daga *bairan*, ɗauka, ana cewa *bairos*, mu biyu muna ɗauka, da *bairats*, ku biyu kuna ɗauka, amma babu musanna na mutum na uku. Majahuli kuma yana nan a lokacin yanzu kaɗai: *bairada*, ana ɗaukarsa, *haitada*, ana kiransa. A tsohon Turanci kalma ɗaya tak ta rage daga wannan tsari, *hatte*, ana kiransa wane. Lokuta kuwa biyu ne kacal a jikin aikatau, na yanzu da shuɗaɗɗe. Babu sigar lokaci mai zuwa, da ta yanzu ake nuna shi, kuma *will* da *shall* a da so da wajabci suke nufi.

Bashir:

Dakta, akwai ɗaya da ba wasali kaɗai yake sauyawa ba. Me ya kawo *r* a *were* alhali *was* da *s* yake ƙarewa?

Dakta Rabi:

Wannan ita ce matsalar da Karl Verner, ɗan Denmak, ya warware a maƙalar da ya rubuta a 1875, kuma a ganina babu bincike a wannan fanni da ya fi shi tsabta. A tsohon Turanci abin ya fi yawa: zaɓe *ceosan, ceas, curon, coren*; zama *weorþan, wearþ, wurdon, worden*. A asali sigogi biyu na farko suna da baƙi marar ziza, wato wanda maƙogwaro ba ya kaɗawa wajen furta shi, biyu na ƙarshe suna da mai ziza. Verner ya duba Sanskirit, wanda ya adana tsohon wurin da nauyin murya yake sauka, ya tarar ɗan'uwan *wearþ* shi ne *vavárta*, nauyi a kan saiwa, ɗan'uwan *wurdon* kuwa *vavṛtimá*, nauyi a ƙarshe. Daga nan ya gane cewa *f, þ, h* da *s* a tsakiyar kalma sun sami ziza idan gaɓar da ta gabace su ba ita ke ɗauke da nauyin ba. Daga baya Jamanik ta mai da nauyi kan gaɓar farko a ko'ina, sanadin ya ɓace, sakamakon ya zauna. *S* mai ziza ya zama *z*, shi kuma ya zama *r* a yamma da arewa, sai aka sami *was* da *were*, da *lose* da *forlorn*. A nan tsohon Turanci ya fi Gotanci riƙon tsohon tsari, domin Gotanci ya daidaita baƙaƙen ya ce *kaus* da *kusum*.

Dokar tana bayyana kuma a rukunin farko na masu rauni, masu ƙarewa da *-jan*, waɗanda da yawansu aikatau ne na sa wani ya yi, irin *shayar* daga *sha* da *zaunar* daga *zauna* da *kwantar* daga *kwanta*. Ana gina su ne a kan wasalin shuɗaɗɗen lokaci na tilo: Gotanci yana da *drigkan, dragk, dragkjan*, da *sitan, sat, satjan*, da *ligan, lag, lagjan*. A tsohon Turanci *j* ɗin ya ja wasalin *a* zuwa *e* kafin ya faɗi, aka sami *drencan, settan* da *lecgan*, wato *drench, set* da *lay* na yau. Saboda haka, Malama Hadiza, ɗalibin da yake rikita *lie* da *lay* ana iya gaya masa cewa na farko kwanta ne mai ƙarfi, na biyu kwantar ne mai rauni. Tun da a asali nauyin murya a kan ɗafa-ƙeyar yake, baƙin saiwa ma ya sami ziza: *rise*, tashi, ya haifi *rear*, tayar ko rena, *raise* kuwa shi ne dai aikatau ɗin da Turanci ya sake ara daga mutanen Skandinebiya. Shi ma *nasjan* ɗin da muka yi ta jayayya a kansa daga *ganisan*, tsira, aka gina shi, kuma a Jamusancin yau su ne *genesen*, warkewa, mai *s*, da *nähren*, ciyarwa, mai *r*.